Golan da Muka Ce Ba Kowa Ba Ne

Litinin, bayan la'asar

Lukman bai dawo daga Zugu ba.

Ranar Alhamis ya same ni a bakin fili ya ce zai je gida ya taya yayansa Lirwanu yankan gero, Lahadi yana nan. Na tuna masa wasanmu da 'yan Gummi na tafe, kuma kaf kwalejin nan ta Anka ba ni da wani golan kirki sai shi. Ya ɗaga min tafukan nan nasa masu faɗin faifai ya ce, "Malam, hannuwan ga ba su lalacewa da yankan hatsi." Na ce to, ka gaida Inna, ka kuma taso da rana tsaka.

Yau na busa usur, yara suka jeru, raga ba kowa. Nuraddeen, kyaftin ɗinmu, ya ce tun jiya yake kiran wayarsa, a kashe. Na ce sabis ne, wa bai san sabis ɗin Zugu ba, sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Suka yi dariya. Na sa su zagaye fili fiye da yadda na saba.

Talata, da hantsi

Ba sabis ba ne.

Lirwanu ya kira ni ina cikin aji. An tare su ranar Lahadi a mashigin rafi, shi Lukman da wasu 'yan kasuwa, aka shiga daji da su har da baburan. Sauran ba sai na rubuta ba, duk wanda ke zaune tsakanin Anka da Gummi ya haddace shi.

Ya ce, "Malam, sun kira jiya. Shina da rai, na ji muryatai. Mun ce musu maraya na, ɗan talakawa, ba mu da komi sai jaki guda da ɗan hatsin ga. Don Allah a taya mu da addu'a, a yi shiru."

Na ce in sha Allahu. Na koma aji na ci gaba da bayanin dokar satar gida kamar ba abin da ya faru.

Talata, bayan magariba

Matata Mardiyya ta kawo tuwo, ta dawo ta ɗauke tuwo.

Alhamis, bayan la'asar

Na gaya wa yara, ko da yake na tarar labari ya riga ni isa. Suka zauna a ciyawa ba mai kallon wani. Nuraddeen ya ce a fasa wasan Gummi. Ni ma abin da na je na faɗa wa shugaban kwaleji ke nan da safe, ya ce gasar kwalejoji ce, in ba mu je ba a cire mu, kuma in don wannan za a riƙa fasa abu a ƙasar nan, da ko kasuwa ba ta ci. Na ji haushinsa, na kuma rasa inda ya yi ƙarya.

'Yan Gummi ba sa'o'inmu ba ne, wannan ko makaho ya sani. Suna da takalma iri ɗaya, suna da fili mai ciyawa, suna da wani mai lamba tara da in ya buga ƙwallo sai ka tausaya mata. Bara biyar suka zuba mana, kuma ba don Lukman ba da sai an nemi mai taya alƙalin wasa lissafi.

Yanzu abin da ya rage min shi ne Maikuɗi. Yaron Adabka ne, dogo siriri, na ajiye shi a matsayin gola na biyu don tsawonsa kawai. Yana da ladabi, yana da sallah a kan lokaci, amma da ƙwallo ta taso masa sai ya rufe ido ya miƙa hannu, in ta faɗa ciki falillahil hamdu. Yau na sa shi a raga, Nuraddeen ya buga masa guda a hankali, ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Da a da ne, da filin nan ya ɗauki ihu. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ƙwallon ci min rai.

Asabar, da safe

An yi atisaye. Rabinsu ne suka zo. Lirwanu bai kira ba, ni ma ban kira ba, don ya ce a bar masa layi a buɗe.

Litinin, bayan isha'i

Lirwanu ya ce ana magana. Ya ce kuɗin da suke nema ya fara sauka zuwa inda hannu zai iya kaiwa. Alhamdu lillahi. Na ci tuwo.

Laraba, bayan magariba

Yau mun yi wasan gwaji da samarin cikin gari, kuma yau ne na fara ganin yarana da rai a jikinsu.

Ashe sun haɗa kai ban sani ba. Ana shirin take wasa sai ga Nuraddeen da wasu biyu sun warware wani farin ƙyalle mai tsawo, an buga hoton Lukman a jiki, yana sama ya cafke ƙwallo, hoton wasan Gummi na bara. A ƙasa an rubuta, Gwarzon golan Zamfara, muna jiranka. Suka ɗaure shi a bayan raga. Nuraddeen ya tara su ya ce daga yau duk gudun da za su yi na Lukman ne, ya yi ta zuba masa kirari, har da cewa manyan ƙungiyoyin birni sun fara tambayar sunansa. Wannan ƙarin gishiri ne, mutum ɗaya ne ya taɓa tambayata daga Gusau, shi ma bai sake kira ba. Na bar shi ya faɗa.

Wallahi sun yi wasa. Maikuɗi ma ya kama guda biyu da idonsa a buɗe. Mutanen gari suka yi ta ɗaukar hoto da waya, ni kuma na juya baya na goge idona da hular wasa. Na ce a raina, ga abin da nake nema tun makon jiya, Allah ya kawo shi ta hannun yara.

Alhamis, da sassafe

Mardiyya ta shigo da wayarta ina shan koko. Ita 'yar Bukkuyum ce, kuma an taɓa riƙe kawunta wata da watanni, ta san abin nan fiye da ni. Ta miƙo min wayar ba ta zauna ba. Ga ƙyallen jiya, ga Nuraddeen yana kirari, an yi ta turawa daga wannan zaure zuwa wancan.

Ta ce, "Abdulwahabu, wa ya sa wanga abu?"

Tunda muka yi aure ba su fi a ƙirga ba lokutan da na ji ta kama sunana. Na ce yara ne, don su ƙarfafa zuciya.

"Kai kana tsaye?"

Na ce ina tsaye.

Ta ce, "Mutanen can suna da waya. Suna da masu kai musu labari cikin kowace kasuwa. Wanda anka riƙe ba a yabon shi, ko jinjiri ya san haka a ƙasar ga."

Na sani. Abin da ya fi ƙona ni ke nan, na sani sarai. Jiya ne dai ban ga komai ba sai yarana suna gudu. Na kira Nuraddeen na ce a goge, ya goge nasa, amma wa zai bi wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya?

Juma'a, bayan masallaci

Lirwanu ya kira. Bai gaishe ni ba. Ya ce in zo Bukkuyum ranar Lahadi, Inna na son ganina.

Lahadi, bayan la'asar

Na je na dawo.

Sun baro Zugu sun tare a gidan wani ɗan'uwansu a Bukkuyum, saboda nan ne waya ke shiga. Lirwanu ya tare ni a ƙofar gida ya gaya min a tsaye. Mutanen sun ga hoton. Sun ce an raina musu hankali, an ce musu maraya ɗan talakawa, ashe ɗan ƙwallon gwamnati ne da birni ke nema. Duk abin da aka sauko da shi ya koma sama, ya ma wuce inda aka fara. Sun kuma daina ba Lukman wayar ya yi magana.

Inna Zulai na zaune a tabarma a tsakar gida, 'yar ƙaramar tsohuwa, tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da kyau, har ta tambayi iyali. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ta ce, "Malam, ni na haifi yaron ga, ba wanda za ya gaya man darajatai. Amma tun randa anka tahi da shi nika rantsuwa ga mutanen can cewa ba shi da amfani ga kowa. Na ce musu rago na. Na ce ko akuya ba a ba shi kiwo. Da bakina na hwaɗi haka ga ɗana, shina jina. Ku kuma kunka tashi kunka yi mai kirari."

Na ce, Inna, ƙauna ce ta sa.

Ta ce, "Na sani. Garin neman gira anka rasa ido." Ta ture faifan waken gefe. "Ku kunka ɗaga shi, ku za ku sauke shi."

Lirwanu ne ya yi min bayani. Ya rantse musu cewa hoton na wasa ne, Lukman ɗan benci ne, golan gaskiya na nan a makaranta. Suka ce to, ai wasan Gummi na zuwa, kuma mai shirin wasanni na gidan rediyo yakan je ya ɗauko ya sa da yamma, suna da rediyo, za su saurara. In aka yi mana ruwan ƙwallaye, mai rediyo ya ce rashin golansu ne ya kashe su, magana ta ƙare. In kuwa wanda ke raga ya tsaya kamar shi ne mai wurin tun asali, ni kuma na faɗa da bakina cewa Lukman ba kowa ba ne, wataƙila su sauko.

Na tambaye shi, wataƙila?

Ya ce, "Malam, mi muke da shi ban da wataƙila?"

A hanyar dawowa mai babur ya yi ta ba ni labarin farashin taki. Ban ji ko ɗaya ba.

Litinin, bayan magariba

Na tara su a ajin da ke ƙarshen gini na rufe ƙofa. Na gaya musu komai, na ce maganar nan in ta fita daga ɗakin nan, ran ɗan'uwanku ne ya fita. Nuraddeen ya kifa kansa a tebur ya yi kuka irin na manya, wanda ba ya da sauti. Na bar shi ya gama, sannan na ce ya tashi, ba mu da lokacin wannan, ni ma ina tsaye aka ɗaura ƙyallen.

Na ce daga yau ba mai kama sunan Lukman a fili. Wanda aka tambaya a gari, ya ce ɗan benci ne. Golanmu Maikuɗi ne, tun bara shi ne, tun bara waccan ma shi ne.

Na ɗauko riga mai lamba ɗaya da safar hannu daga akwatin kayan wasa na miƙa wa Maikuɗi. Ya ja da baya har ya bugi allo.

"Malam, ba a cin gadon mai rai. In na sa rigatai kamar na ce ba shi dawowa."

Nuraddeen ya karɓi rigar daga hannuna, ya je ya tsaya a gabansa. "In ba ka sa ta ba shi na ba shi dawowa. Ɗaga hannu." Ya zura masa ita kamar yadda ake sa wa yaro rigar sallah. Ta yi masa yawa a kafaɗa, ta kuma gaza a tsawo.

Laraba, bayan la'asar

Safe da yamma muke yi yanzu. Kowa na zuwa, har masu ciwon ƙarya sun warke.

Na daina koya musu cin ƙwallo, ba shi muke nema ba. Mutum goma a bayan ƙwallo, a toshe, a tare da ƙirji, da cinya, da duk abin da Allah ya ba mutum. Wanda ya faɗi ya tashi kafin ya ji zafin. Maikuɗi kuwa na tsayar da shi a raga, yara suka yi layi suna dirka masa daga kusa, na ce duk ƙwallon da ya rufe wa ido sai an sake. Leɓensa ya fashe, ɗan yatsansa ya kumbura. Na ce ya huta, ya tofar da jini ya ce, "A ƙara, Malam."

Ni da nake zaginsa a zuci shekara biyu. Allah ya yafe min.

Alhamis, da safe

Na tsaya wurin mai shayin bakin tasha. Yana zuba min ya ce, "Koci, Allah shi kuɓutar da golanku, yaron kirki." Mutane na zaune a benci, ban san kowa a cikinsu ba, kuma a kwanakin nan wanda ba ka sani ba shi ne abin tsoro.

Na ce amin, amma ai ba shi ne golanmu ba, yaro ne dai da ke bin mu.

Mai shayi ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Haka na, na tuna. Wani dogo na golanku." Ya ƙara min madara ban tambaya ba. Na kasa shanye shayin.

Juma'a, bayan la'asar

Mardiyya ta ce in kira kocin Gummi in roƙe shi su sassauta mana. Na yi ta juya abin tun jiya. Mutumin kirki ne, zai yarda. Amma sai ya gaya wa yaransa, yaransa na da abokai, abokai na da waya, kuma 'yan kallo ba wawaye ba ne, sun san wasan da aka saki. In labari ya je can cewa an haɗa baki, mun kashe shi da hannunmu sau biyu. Gara su zo mana da dukkan ƙarfinsu.

Gobe ne. Lirwanu bai kira ba.

Asabar, bayan isha'i

Mun dawo lafiya. Bari in rubuta tun ban fara gyara shi a zuciyata ba.

Da hantsi muka tashi, motarmu a bayan ta jami'an tsaro. Da muka zo mararrabar da ake sauke mutanen Zugu, kowa ya sami abin kallo a tsakanin ƙafafunsa.

Filin Gummi ya cika. Tun muna ɗumama jiki wasu 'yan kallo ke ihu, "Ina golanku na bara?" Nuraddeen ya nuna musu Maikuɗi ya ce, "Ga shi nan, tsawo ya ƙara." Suka yi dariya.

Abin da ya biyo baya ba zan kira shi wasa ba, ruwan duwatsu ne. Ba mu haye tsakiyar fili ba sai da ƙyar. Yarana suka yi ta faɗuwa suna tashi, wani ya tare da ciki ya yi amai a gefen layi ya koma. Mai lamba tara ya ci mu guda kafin hutu, ƙwallon da ko wane ne a raga sai ta shiga. Na leƙa fuskar Maikuɗi ina jiran ya watse. Ya shiga raga ya ɗauko ƙwallon da kansa, ya daka wa 'yan baya tsawa su matso. Ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba.

Bayan hutu aka ba su fenariti. Na ga mai rediyo ya matso bayan raga da na'urarsa. Na karanta duk abin da na iya. Mai lamba tara ya saki ƙafa, Maikuɗi bai yi dama ba bai yi hagu ba, ya tsaya ƙyam da idonsa a buɗe, ƙwallon ta same shi a fuska ta yi sama. Ya faɗi, ya tashi da jini a hanci ya cafke ta kafin ta sauko. 'Yan Gummi da kansu suka tafa masa.

Ɗaya da nema aka tashi. An cinye mu, yarana na rungume juna kamar sun ɗauki kofi, mutanen Gummi na kallonmu suna mamaki.

Sai mai rediyo ya zo. Ya yabi golanmu, sannan ya yi tambayar da na san zai yi, wai ina wanda ake ta yaɗa hotonsa, an ce shi ne gwarzonku.

Ga abin da na ce, kuma ban yi in'ina ba. Na ce, "Wannan ai yaro ne da muke tausaya wa, maraya ne. Shi ke ɗauko mana ruwa da ƙwallaye. Wani lokaci mukan ba shi riga ya ɗauki hoto ya ji daɗi. Bai taɓa tsare mana raga a wasan kirki ba, hannunsa kamar kwando yake. Yara ne suka yi abinsu na waya. Allah dai ya kuɓutar da shi don uwarsa, amma mu a ƙwallo ba mu yi rashin komai ba."

Nuraddeen na bayana, ya yi dariya a daidai inda muka shirya zai yi. Na ji dariyar har cikin ƙashina.

A mota ba wanda ya yi waƙa. Maikuɗi ya cire rigar tun kafin mu fita Gummi, ya ninke ta ya riƙe a cinya.

Lahadi, bayan magariba

An sa a rediyo. Mardiyya ta saurara a ɗaki, ni na fita bayan gida na tsaya wurin tumaki. Ta ce muryata ta fito sarai, ba wanda zai ce ƙarya nake. Ta faɗa ne don in ji sanyi.

Talata, da rana

Shiru.

Alhamis, da rana

Shiru. An yi atisaye, ban san na mene ne ba, an riga an fitar da mu daga gasar. Sun zo dai, ni ma na zo.

Asabar, da hantsi

Lirwanu ya ce sun kira, sun zage shi tas, sun ce an ɓata musu lokaci a kan ɗan ɗebo ruwa. Sun sauko. Ya ce kar in tambaye shi abin da aka sayar, ban tambaya ba.

Laraba, bayan azahar

Ya fito. Ya fito. Allah mun gode maka. Suna asibiti da shi, ƙafafunsa ne. Na gaya wa yara a fili, Nuraddeen ya yi sujada a kan ciyawa, Maikuɗi ya zauna daɓas ya rufe fuska.

Lahadi, bayan la'asar

Na je Bukkuyum ni kaɗai. Yara sun so bi na, na ce su bari ya ɗan yi ƙarfi.

Inna Zulai ta tare ni da fara'a, ta sa aka dama min fura, ta yi ta sa min albarka har na ji kunya. Ta ce yana ɗakin zaure.

Yana kwance a katifa, an naɗe ƙafafunsa da bandeji. Ya rame har tafukan nan nasa sun zama kamar na aro. Ya yunƙura zai tashi ya gaishe ni, na ce ya kwanta. Na zauna a bakin katifar na yi ta zuba, wasan Gummi, fenaritin, hancin Maikuɗi. Yana saurare yana kallon bango. Da na rasa abin faɗa sai shi ya yi magana.

"Na ji wasan, Malam. Sun kira ni sunka aje rediyon gabana."

Ya ci gaba, idonsa na kan bango.

"Sun yi ta dariya. Daga ranan ni ka ɗebo musu ruwa rafi, wai tunda sana'ata ta. Nan ƙahwahun ga sunka lalace."

Na ce, Lukman, ka san dalilin da ya sa na faɗi haka. Na ce tunda nake koyar da ƙwallo ban taɓa riƙe gola kamarsa ba, kuma ba na jin zan sake. Na rantse masa da Allah.

Ya ce, "Na sani. Lirwanu ya gaya man, Inna ta gaya man. Na gode, Malam, Allah shi saka." Ya ɗan ja numfashi, har yanzu bai dube ni ba. "Na Inna bai dame ni ba, na san tana yi na don su ji. Amma naka a rediyo na ji shi, gaban duniya, kuma can ba wanda za ya gaya man dalili. Sai na yarda. Ban taɓa jin ka yi ƙarya ba."

Inna ta leƙo ta ce furar na jirana. Na tashi na je na sha, don kar ta ga wani abu a fuskata.